Ɗari da Uku a Gurbin Ɗari da Huɗu

Da rediyon Baba ya fara gurnani, Auta ce ta rungume shi ta tafi da shi shagonta. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ita ce kuma mai gyaran kayan lantarki a layinsu, irin mutanen nan da ba sa iya ganin abu a rufe sai sun kwance shi sun leƙa.

Ciwon bai ɓuya ba. Wani babban kafasito ne, ɗan tulun nan da ke tara wuta, ya kumbura, kansa har ya yi tozo. Mai jure ƙarfin wuta bolt sha shida ne, ita kuma na ashirin da biyar gare ta, amma wannan ba ya hana mai gyara barci: bolt in ya ɗara ba laifi, muddin yawan abin da yake ɗauka ya zo ɗaya. Ta narka dalma ta liƙa sabo, gurnani ya ɗauke.

Da a nan ta tsaya, da an zauna lafiya. Amma ina! Sai idonta ya faɗa kan wani ɗan mitsitsin kafasito kamar ƙwayar wake, can wajen da ke tace murya kafin ta isa sifika. An rubuta masa ɗari da uku. Ta jawo wani rediyo irinsa da ke jiran gyara, ta duba, ta ga ɗari da huɗu. Lamba ɗaya ce tsakani a rubuce, amma a wajen aiki, na rediyon Baba ya gaza ninki goma. Shi ya sa ke nan rediyon nan yake tsiwa, yana soke kunnen kowa a gida! Liƙin kuma ba na kamfani ba ne, hannun mutum ne, mai tsabta, ba na ɗan koyo ba. To wane gwani ne zai yi irin wannan kuskure? Ta juya abin a ranta har ta gaji, sannan ta cire shi ta jefa a gwangwani, ta sa na daidai. Murya ta fito a cike, mai taushi, har ta yaba wa kanta.

Baba ya karɓi rediyonsa da murna. Ya kunna, ya ƙara murya, ya sake ƙarawa, ya kara shi a kunne. Sai fuskarsa ta canza.

"Auta, me kika yi masa? Mutanen ciki duk kamar sun cusa tsumma a baki."

"Haba Baba, ai yanzu ne ma ya dawo hayyacinsa."

Ya kashe rediyon. Washegari ta tarar da rediyon a kan kabad, an rufe shi da ƙyalle, Baba kuwa yana zaune a kujerarsa yana kallon bango. Abin ya tsaya mata a rai. Mutumin da ko wanka zai shiga sai ya ajiye rediyo a bakin ƙofa!

Ta sami Mama a kicin tana wanke-wanke.

"Mama, wa ya taɓa buɗe rediyon nan kafin ni?"

"Ubangidanki mana, wanda ya koya miki aikin, Allah ya jiƙansa. Ni na kai masa a ɓoye." Mama ta ɗauraye kofi ta kife. "Na ce masa babanku yana jin ƙara, amma kalmomi suna kuɓuce masa. Sai ya ce zai sirance muryar ta yi kaifi, irin wadda kunnen tsoho yake kamawa. Ke kuma da shegen bin diddigi kin je kin gyara gyara."

"Kunnensa? Ai lafiya lau muke hira da shi."

"Bakinki yake kallo, 'yar nan. Kada ki kuskura ki nuna masa kin sani, kin san halinsa."

Auta ta koma shago ta zazzage gwangwanin a kan tebur, tana tona tarkace da ɗan yatsa har ta gano ɗan ƙwayar waken. Ta mayar da shi gurbinsa. Rediyo ya dawo da tsiwarsa, Baba kuwa da ya ji sai ya washe baki.

"Yauwa! Yanzu kika yi aiki. Da ma na san garaje kika yi."

Ta yi dariya, ta zagaya bayan kujerarsa kamar za ta gyara labule. Har yanzu zuciyarta ba ta yarda ba, so take ta gwada da kanta. Ta bari aka zo wajen da mai labarai ya numfasa, ta ce da muryar da ta saba yi masa magana, "Baba, in kawo maka ruwa?"

Bai waiwayo ba. Ta sake faɗa, ta ɗan ɗaga murya. Ƙeyarsa ko motsi ba ta yi ba. Tausayi ya kama ta, da jin kunyar yadda ta gane ciwon rediyo a kallo ɗaya amma ba ta gane na mahaifinta ba.

Ta dawo gabansa ta durƙusa, inda hasken taga zai haska fuskarta sosai.

"Baba, in kawo maka ruwa?"

"Kawo mana," in ji shi, idonsa a kan leɓenta. "Tun ɗazu nake jira wani ya tambaye ni."