Bidiyon Jariri a Cikin Bas

Wata huɗu Auta ta yi tana fama da matsala ɗaya a wurin aiki: saƙo ya kusa gama sauka, sabis ya ɗauke, komai ya koma farko. Injiniyar sadarwa ce, teburinta cike da tsofaffin wayoyin gwaji masu tsagaggen gilashi. Dabarar da ta ɓullo da ita ita ce a yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace da lambarta. Wayar da ke karɓa ta faɗi wadda ba ta iso ba, a sake turo ita kaɗai. A ofis abin ya yi kyau, amma sabis ɗin ofis ai ba ya rawa.

Ranar Asabar yayarta ta haihu, Auta da Baba suka hau bas zuwa wurinta, tafiyar awa uku. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, bai yarda da wasiƙar da ba ta da ambulan ba. Auta ta roƙi mijin Yaya ya turo bidiyon jaririn ta sabuwar manhajarta.

Bidiyon ya kai kashi sittin da uku cikin ɗari ke nan bas ta shiga tsakanin duwatsu. Lambar ta tsaya cak.

"Ya mutu," in ji Baba.

"Jira yake, Baba."

"Mu ma haka muke ce wa mutane in buhun wasiƙu ya ɓata."

Auta ta ƙura wa wayar ido. Wata dattijuwa a kujerar baya ta leƙo, ta gyara tabarau. Minti bakwai ba motsi. Suna fitowa fili, lambar ta koma sittin da huɗu.

"Bai koma farko ba!" Auta ta yi ihu har direba ya kalli madubi.

Ta yi wa Baba bayani. Ya shafa gemu.

"Au, rajista kika yi wa kowace gunduwa? Sai an sa hannu an karɓa? To tun farko ki ce aikina kika gada."

Sau biyar sabis ya sake ɗaukewa kafin bidiyon ya buɗe. Jaririn ya yi wata doguwar hamma.

"Kunnuwana ne sak!" in ji Baba.

Dattijuwar ta dubi kunnuwan Baba da kyau. "Allah ya ba yaro haƙuri, malam."

Kujerun baya suka ɓarke da dariya, Baba ya fi kowa. Ya karɓe wayar, ya miƙa ta gaba don 'yan can ma su gani.