Ƙashin Kaza a Kwanon Mai Kanti

"Ki sake dubawa, 'yata, wataƙila icen kirfa ne," in ji Baba Aski.

"Icen kirfa mai gwiwa?" Mai Kanti ta ɗago ƙashin a kan cokali, don ko da wasa ba za ta taɓa shi da hannu ba. "Baba, ba na cin nama, amma ni ba makauniya ba ce. Cinyar kaza ce wannan, kuma a kwanona. Kwanon da tun uwata na raye abu mai jini bai taɓa shiga cikinsa ba."

Ni dai ina bakin ƙofar ɗakin Baba da tsintsiyata. Ɗakina ne ke kallon na Baba Aski, kuma na daɗe da lura cewa a gidan hayar nan ƙura ta fi son taruwa a ƙofar da ake rigima.

Gidanmu bene ne, kowa da ɗakinsa, kowa da addininsa, famfo ɗaya ya haɗa mu. Baba Aski ya ƙare ƙuruciyarsa yana aske kawunan mutane, har hannu ya fara yi masa rawa. Ranar da ya ɗebe wa wani ango rabin gira ya rufe shago, ya ɗauko babban madubin ya rataya a ɗaki. To hannun da ya kasa almakashi ba ya iya wuƙa, ba ya iya ashana. Baba ya soma ramewa. Ɗansa ya zo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce in ya sake dawowa ya tarar da shi a haka, zai kwashe shi ya tafi da shi can wurinsa. Can ɗin kuwa nesa ne, babu wanda Baba ya sani, ga suruka mai dafa komai ba gishiri saboda lafiya. A ɗakin nan kuwa matar Baba ta rasu. Ya ce mini, "Gwaggo, in za a fitar da ni daga nan, sai dai a kwance."

Sai tsoho ya samo dabara. Da ma ba a san shi da wani addini ba. In ka tambaye shi sai ya ce shi duk kan da ya aske kunne biyu ya gani. To sai ya wayi gari ya zama mai neman gaskiya, kuma neman nasa ba ya tashi sai an ɗora tukunya.

Da safe yana ƙasa wurin Mai Kanti, wadda ke bin addinin Hindu. Ita ba ta gayyatar kowa, damuwarta dabbobi. Takan ce rai ba ya mutuwa, riga kawai yake sakewa, kuma abin da mutum ya shuka shi zai girba ko a wannan zuwan ko a na gaba, don haka kada a cutar da mai rai. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wallahi nama ya fita ransa. Sai ga shayi da madara, ga burodi mai zafi, ga wake. Ragowar ya hau da ita a kwanonta, ya maido washegari.

Da rana yana shagon Tela, Musulmi, mutum mai haƙuri da yawan bayani. Allah ɗaya ne ba shi da abokin tarayya, ga salla, ga azumi, ga haƙƙin talaka a cikin dukiyar mai hali, ga haƙƙin maƙwabci. Baba ya ce, "Malam, saura ƙiris. Tambaya ɗaya ce ta rage mini." Tambayar nan kuwa ba ta taɓa fitowa sai an shigo da farantin shinkafa daga cikin gida, kuma ba ta taɓa ƙarewa ba.

Da yamma sai ya hau sama wurin Sista, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, Kirista, mai zuciyar kirki da bakin barkono. Ita maganarta ƙauna da gafara: ka so maƙwabcinka, ka so har wanda ya cuce ka, ka yafe ba tare da lissafi ba. Baba yana ci yana share hawaye, yana cewa zuciyarsa ta fara motsi. Ni na san yajin miyarta, amma ba a tambaye ni ba.

Ya gwada wasu ma. Akwai direban da ke bin addinin Buda, wanda ya zaunar da shi a ƙasa ya ce masa kwaɗayi ne tushen duk wata wahala, sannan ya ba shi ruwan zafi a kofi. Baba bai koma ba. Ya ce addinin yana da zurfi, shi kuma bai iya ruwa ba. Akwai kuma mai sayar da tabarau, Bayahude, wanda ya saurare shi har ƙarshe ya ce, "Mu ba ma neman kowa, Baba. In yunwa ce, faɗi kawai." Ya miƙa masa burodi. Shi ma Baba bai koma ba, wai mutumin idonsa ya yi yawa.

A haka kumatu suka fito, wuya ya cika. Ɗan ya zo ya gani, ya koma da farin ciki. Su ukun nan kuwa kowa na ganin shi kaɗai ke noma gonar, kuma kowa ya yi shiru da bakinsa, don kada a ce yana gorin alheri. Da ba don hannun Baba ya kifar da farantinsa daren jiya ba, har ya juye kazar Sista a kwanon da ya fi kusa, da har yau ana nan ana nazari.

Mai Kanti ni ta fara nuna wa ƙashin a kan matakala. Ban ce komai ba. Na dai ce mata jiya na ga Sista ta dawo kasuwa da kaza. Daga nan na leƙa sama in tambayi Sista yadda ta kwana, na sauka in ga ko Tela ya gama mini ɗinki. Gaisuwa ai ba laifi ba ce.

Sista ce ta fara shigowa, ta ture ni gefe. Ta sunkuya kan cokalin kamar mai duba ciwo.

"Kazata ce," ta ce. "Ni na soya ta. Me ya kai ta kwanonki?"

"Ke kike ba shi nama? Mutumin da ya rantse mini nama ya fita ransa?"

"Yana fita, 'yata," in ji Baba. "Da safe yana fita sosai. Da yamma ne yake dawowa."

Sai ga Tela da igiyar awo rataye a wuya, da faranti a hannu, don rana ta yi bai ga ɗalibinsa ba. Ya yi sallama, ya dubi matan, ya dubi Baba. Sai idonsa ya sauka kan tebur. Ga carbin da ya ba shi, ga littafin waƙoƙin ibada na Sista, ga tsinken turaren Mai Kanti, duk a jere kamar kayan talla.

"Baba," ya ce a hankali, "ina ƙiris ɗin da ya saura?"

"Wane ƙiris?" in ji Sista. "Wannan namu ne. Duk cocinmu an san da maganarsa. Kujera na kama masa a sahun gaba, har takalmi na saya masa."

"Ni kuma na ɗinka masa farar riga ta zuwa masallaci. Da yadina, da zarena."

"Kuma sun dace da juna," in ji Baba. "Rigar da takalmin. Kamar kun yi shawara."

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma tari na mai da ita.

Nan fa ɗaki ya kaure. Tela ya ce yaudara ce, kuma mayaudari ba ya cikin mutanen kirki. Sista ta ce tun tana aiki ta ga marasa lafiyar ƙarya iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai tuban ƙarya da cokali a aljihu ba. Mai Kanti ta ce ita kajin take tausayi, da ta yi ta murna ta cece su ashe a sama suke ƙarewa. Ɗaya bayan ɗaya suka yanke hukunci: an rufe tukunya.

Baba bai yi gardama ba. Ya zauna bakin gado, ya ɗora hannayensa a gwiwa suna ta rawarsu.

"Gwaggo," ya ce, "taimaka ki sauko mini da akwatin nan daga kan kabad. In kin gama ki kira mini yaron. Gara ya zo yanzu da sauran kumatuna, kada ya ga abin da zai ɓata masa rai."

Na jawo akwatin da sandar tsintsiya, ya faɗo da ƙurarsa. Baba ya ɗaga kai ya dubi madubin shagonsa.

"Wannan ba zai shiga mota ba. A bar wa mai gida."

Sista ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, abin da take yi ke nan in magana ta cika mata baki.

"Su dai su rufe tasu," ta ce. "Ni zan ci da shi safe, rana da yamma. Ba a sallamar mara lafiya magani bai gama aiki ba."

"A bar miki shi ke kaɗai?" in ji Tela. "Wuni guda cur? A'a. Tsakar rana tawa ce, ba na sayarwa."

"Kaza uku ke nan kullum," in ji Mai Kanti. "Ban yarda ba. Safiya tana hannuna."

Na ce a raina tsohon nan ya sake cin kasuwa. Da ni ce sai in ja bakina in tsuke. Amma sai ya ɗaga hannu.

"Kada ku wahalar da tukwanenku a banza. Na saurare ku, kuma ba duka ne ya bi ta ɗaya kunnen ya fita ba. Malam, ka ce Allah niyya yake dubawa. In na shigo muku yau, in ya duba zuciyata me zai gani ban da shinkafa? Sista, ke ma haka. Don haka ba na shiga na kowa saboda faranti. In wata rana zan shiga, zan zo ne a lokacin da ba a girki. Yunwa ce ta kai ni wurinku, da kuma kaɗaici. In don in zama naku ne kuke ba ni, ku riƙe abinku, Gwaggo ta kira yaron."

To, an cire ƙugiya daga cikin abincin, saura a ga wanda zai iya bayarwa haka nan. Tela ya daɗe yana murza awonsa.

"Haƙƙin maƙwabci bai tambayi addinin maƙwabcin ba," ya ce daga ƙarshe. "Da bakina na faɗa maka. Da na sani da na jinkirta wannan darasin." Ya dire farantin a tebur. "Kuma ba a tilasta wa kowa. Ci. Alheri dai a ɓoye ya fi, yadda hannun hagu ba zai san abin da dama ta bayar ba."

"Wannan ai maganarmu ce," in ji Sista.

"Tamu ce, Sista."

"Mu ma an ce mana ka yi aikinka kada ka zuba wa ladan ido," in ji Mai Kanti. "Kowa yana da ita a gida. Amfani da ita ne sai an matsa wa mutum."

"To in kowa a ɓoye yake yi," in ji Tela, "wa ya tara mu a nan?"

Sai duk suka juyo suka dube ni. Tun da nake a gidan nan ban taɓa ganin addinai uku sun haɗu a kan magana ɗaya da sauri haka ba. Tela ya ce gulma cin naman ɗan'uwa ne. Sista ta ce harshe ɗan ƙarami ne amma yana ƙone daji. Mai Kanti ta ce maganar da ka jefa tana zagayowa ta same ka a ƙeya.

Na ce, "Ni shara ce ta kawo ni, 'ya'yana." Na kuwa share musu ƙafafu don su gani.

Mai Kanti ta ajiye kwanon da cokalin a ƙasa.

"Ya zama naka, Baba. Da shi za ka riƙa zuwa, amma a bakin ƙofa zai tsaya. In kuma a zuwanka na gaba ka dawo kaza, ka nemi gidana. Nan ne kaɗai ba za a yanka ka ba."

Ta fita. Tela ya bi ta, yana faɗin a maido masa farantinsa ba ƙashin kowa a ciki. Saura Sista, ta harɗe hannu tana huci. Ita ce ta fi shan kunya, don ita ta yi shela a gaban jama'a.

Baba ya tura akwatin ƙarƙashin gado da ƙafa, ya jawo farantin Tela gabansa.

"Sista," ya ce, "kin taɓa ce mini a yafe wa mutum ko sau nawa ya yi laifi."

"Na san abin da na ce."

"To ni wannan ne na farko."

"Na yafe maka," ta ce, haƙora a cije. "Na yafe, tsohon kawai. Ka hau da yamma. Ruwan miya za ka sha, ba tsoka, kuma ba na son hawaye."

"Ko ɗan kifi?"

Sista ta dube shi, ta dube ni, ta fizge littafinta daga kan tebur. Ta kai ƙofa, ta dawo ta mayar da shi inda yake. Sannan ta fita ta buga ƙofar da ƙarfin da ya sa madubin Baba ya yi ta rawa a jikin bango.