Kiwo a Cikin Tanki

Injiniya ta san aikinta, ba ta kuma ɓoye hakan. Ƙasar wani tsohon gareji, wadda ta sha baƙin mai har ta ƙoshi, ita ake haƙowa a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa ta zama taɓo, a juye a babban tanki. Inji na motsawa, ana hura iska, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna cinye man. So take ta gama kafin damina, don in ruwa ya sauka, man nan rijiyar unguwa zai nufa.

Da safiyar nan ta hango mutum tsaye kan ƙaramin tankin da ke cikin ɗaki, inda take renon irin halittun. Goggonta ce mai sharar ofis, macen da ko cokali sai ta wanke sau biyu. A hannunta jarkar maganin wanke banɗaki, wayam.

"Goggo! Me kika zuba?"

"Taimakonki na yi, 'yar nan. Ba jiya kika ce wa baƙi tankin cike yake da ƙwayoyin cuta ba? Ai ban runtsa ba."

Injiniya ta leƙa. Kumfar da halittun ke tayarwa ta kwanta, renon da ta sha wahala a kai ya mutu murus. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma wa za ta kama? Bakinta ne ya faɗi kalmar, don ita ce kowa ya sani.

"Goggo, ba na cuta ba ne. Kiwo nake yi. Mai suke ci, kamar yadda akuya ke cin dusa."

Goggo ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Dabbobinki na kashe?"

"Kin kashe na ɗaki, na waje suna nan. Kawo bokiti."

Suka zubar, suka ɗauraye tankin tas. Nan kam ba a koya wa Goggo aiki. Injiniya ta ɗebo taɓo mai rai daga babban tanki, ta miƙa mata.

"Ke za ki zuba. Za su hayayyafa, za mu riga ruwa."

Goggo ta karɓa da hannu biyu, ta tsiyaya a hankali, ita da ba ta yarda taɓo ya taɓa zanenta. Sannan ta sunkuya bakin tankin, ta rage murya.

"Ku yafe ni. Ku ci ku ƙoshi, kun ji? Jikokina a rijiyar nan suke sha."