Taken Zarami

Duk gidan rediyon da Sunusi Ɗan Fadama ya shiga sai an tambaye shi inda ya samo kiɗan waƙarsa "'Yar'azumi", kuma amsarsa ba ta canzawa. Yakan ce yana zaune ne a situdiyo a Kano, ba ya tunanin komai, sai yatsunsa suka fara bugun tebur, kiɗan ya fito da kansa. Baiwa ce daga Allah, in ji shi, ya gyara zaman tabarau. Ba ƙarya yake yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan.

Kiɗan gajere ne, mai gaggawa, kamar ana tura mutum daga baya. Yana hawa yana hawa, sai ya yanke, ya koma farko. Mai haɗa sauti ya ce haka ake so, ya ɗaure shi a kwamfuta yana ta juyawa, Sunusi ya ɗora masa baitocin soyayya. Kafin a ankara waƙar ta cika gidajen biki da shagunan caji, har mai shayi ba ya fasa ƙwai sai da ita.

Da aka gayyace shi wasa a Haɗejiya, sai ya ce bari ya riga makaɗansa tafiya, ya kwana a ƙauyensu da ke bayan Guri. Rabonsa da can tun jana'izar mahaifinsa. Ƙarshen damina ne, ruwa ya shafe hanya, dole ya bar motarsa a Guri ya hau babur, daga nan kwalekwale. A cikin kwalekwalen yana ta lissafin irin tarbar da za a yi masa, don mutum ne mai son a ce ga shi nan.

An tarbe shi kuwa. Samari suka kewaye shi a gindin tsamiya, ana ta ɗaukar hoto. Wani daga ciki, don ya burge baƙo, ya saki "'Yar'azumi" a wayarsa har ƙarshen murya.

"Kai! Kashe abin nan!" wani dattijo ya daka masa tsawa.

Saurayin ya daburce ya kashe, amma an makara. Daga wani gida mai dangar kara wata tsohuwa ta fito, ta yafa mayafi, tana riƙe da ƙwarya. Ba ta kalli kowa ba. Ta ratsa taron ta nufi mashigi da sauri irin na wadda aka kira, mutane suna ba ta hanya suna sunkuyar da kai. Hayaniyar ta mutu, aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

A gida ya tambayi Gwaggo Ummussalma, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Ta ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zauna tana kallonsa.

"Iya Aisa ce, matar Zarami. Ba ka san shi ba, ba a haife ka ba sanda ruwa ya ci shi. Kiɗan da kake ta yawo da shi a duniya takensa ne."

Sunusi ya yi dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Gwaggo, kiɗan da na ƙirƙira da hannuna?"

"Da hannunka dai. Ci abincinka ka ji."

Ya san mahaifinsa Badamasi ya taɓa yi wa masunta kiɗa, ya kuma san ya bari. An ce masa tuba ya yi, shi kuma bai taɓa bin ba'asi ba. Yanzu Gwaggo ta warware masa. A hannun Badamasi kowane masunci yana da takensa, kuma kowane take gida biyu ne. Akwai na shiga, wanda ake buga wa mutum ya yi nutso. Akwai na fitowa, wanda ake saki idan kansa ya ɓullo.

"Ranar su ce, an taru ana kamun kifi a babban gurbi," in ji Gwaggo. "Zarami ya shiga ya fito har ya gaji, ya kife a kan gorar da yake iyo da ita yana haki. Sai aka ce giwan ruwa ya kuɓuce ya yi ƙasa. Jama'a na ihu, kan Yaya Badamasi ya yi zafi, ya saki taken Zarami. To ina namijin da za a buga wa takensa, matarsa na tsaye a gaɓa, ya ce ya gaji? Ya saki gora ya nutse. Yaya ya yi ta buga na shiga yana jiran ya ga kai. Ya yi ta bugawa har aka kira magariba. Ko gawarsa ba a samu ba."

"Shi ya sa ya bar kiɗa?"

"Ya rataye kalangu, amma yatsunsa ba su bari ba. A gwiwa, a tabarma, a gefen kwalekwale. Kai ma idan kana kuka da shi yake bubbuga bayanka har ka yi barci."

 Sunusi ya ji hannun mahaifinsa mai kanta a tsakanin kafaɗunsa, yana hawa yana hawa, ya yanke, ya koma farko. Ashe baiwar da yake ta shela a rediyo, nadamar tsohonsa ce ya gada. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar.

"Me ya sa ba wanda ya faɗa mini?"

"Wa ke samun ka? In an kira, wani ne ke ɗauka ya ce oga yana aiki. Kuma mu ce maka me, bayan waƙar ta riga ta fita? Mun hana a nan, amma ba mu isa mu hana baburan da ke wucewa ba."

Ya sauka mashigi, ya tarar da Iya Aisa zaune a kan wani tsohon kwalekwale da aka kife, ƙwaryar na kan cinyarta. Gurbin da ake magana yanzu ciyawar kacalla ta cinye rabinsa, sai wani baƙin ruwa a tsakiya da ba ya motsi. Ya cire tabarau ya durƙusa.

"Iya, barka da yamma. Sunusi ne, ɗan Badamasi."

"Na gane ka, goshinku ɗaya. Kar ka kalle ni haka, ɗan nan, ba taɓuwa na yi ba. Na san ya mutu, na yi takabata, na aurar da 'ya'yansa. Ƙafata ce ba ta sani ba. In na ji kiɗan nan sai in gan ni a nan da ƙwaryar furarsa."

"Ki gafarce ni, Iya. Wallahi ban sani ba."

"Ba haushinka nake ji ba. Farkon da na ji shi har daɗi na ji, na ce ashe akwai mai tuna Zarami. Na kasa kunne ina jiran a sauke. Sai na ji an koma farko. Aka sake komawa. Kullum kana tura shi cikin ruwa, ɗan nan, safe da rana, a kowane gari, ba ka taɓa fito da shi ba." Ta miƙo masa ƙwaryar. "Abu ɗaya nake roƙo. Buga masa na fitowa, ko sau ɗaya, in ji da kunnena in koma gida."

Sunusi ya karɓi ƙwaryar. "Baba bai taɓa buga shi a gabana ba. Ki rera mini, Iya, ko kaɗan ne, zan kama."

Ta gwada. Laɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito.

"Ai ban taɓa sauraronsa ba," ta ce a hankali. "Na shiga shi nake ji, don lokacin raina yana kunnena. In ya ɓullo kuwa, shi nake kallo, ina guɗa. Wa ke jin kiɗa a lokacin? Na zaci kai ka sani."

Washegari tun da hantsi ya bi tsofaffin masuntan da suka rage. Ɗaya ya kurumce. Ɗaya ya buga masa nasa taken tsaf, shiga da fitowa, ya ce na wani kuwa ba ya riƙewa. Sunusi ya saurari yadda ake saukewar, ya ce a ransa ai wannan sana'arsa ce, mutumin da ya sa ƙasa rawa ba zai kasa ɗinke wutsiyar kiɗa ɗaya ba. Ya koma mashigi, ya aika aka yi wa Iya Aisa magana. Ya kife ƙwaryar a kan rairayi ya buga na shiga, da ya kai inda yake yankewa sai ya sauke shi da wani salo mai sanyi, mai buɗewa kamar numfashi. Bai taɓa yin abin da ya kai wannan kyau ba, shi ma ya sani.

Iya Aisa ta saurara idonta a kan ruwan. Ta jira kaɗan bayan ya gama.

"Yana da daɗi, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Amma ba nasa ba ne. Ba zai gane da shi ake ba."

Ya sake wani. Ya sake wani. Daga baya ita ce ta ɗauki ƙwaryarta ta kakkaɓe, ta ce ya tashi kar ya makara, an ce mutane na jiran sa a birni.

Bayan la'asar filin wasan Haɗejiya ya cika maƙil, har kan katanga. Sunusi ya yi waƙoƙinsa, aka yi ta tafi, amma kowa ya san abin da ya zo ji. Da aka fara kiran "'Yar'azumi", ya ɗaga hannu ya tsayar da makaɗansa, ya ce yau ba za a yi ta ba, kuma shi ya daina yin ta. Jama'a suka fashe da dariya, sun ɗauka jan rai ne irin na mawaƙa. Wasu samari a gaba suka fara tafa kiɗan, na bayansu suka karɓa, nan da nan filin duka ya ɗauka. Ba sa bukatarsa, sun iya shi sarai. Suka hau, suka hau, suka yanke, suka koma farko.

Ya tsaya da makirufo a hannu, ya ga ashe numfashinsa ya riƙe. Ya tuna wasu suna ɗauka a waya, gobe kiɗan zai isa Guri, ya tsallaka ruwa a aljihun wani ɗan acaɓa, ya ratsa dangar kara. Ya buɗe baki zai roƙe su su bari, sai ya ji wani abu na taɓa cinyarsa. Ya duba, yatsunsa ne suke bugawa tare da su.