Maganar da Baba Ya Fara Yi

Tun da ɓarin jikin Baba Theophilus ya shanye, bakinsa ya rufe. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana ja wa ikilisiya waƙa a Gauraka, yanzu ko ruwa da ido yake roƙa.

Likita ya ce a riƙa yi masa hira, abin da kunne ya sha shi baki zai fara mayarwa. To, wa ke da lokacin hira? Ɗansa Gidiyon kullum yana Abuja wajen aikin tayil. Hilda, ƙanwar Gidiyon, tana bakin titi tana zuba wa direbobi shinkafa. Sai Gidiyon ya ɗauko talabijin daga falo, ya kafa ta a gaban gadon tsohon, ya haɗa da batirin sola. Shi ke nan, an sami abokiyar hira.

Wata Litinin da safe, Gidiyon yana haɗa kayan aiki, ya ji ihun Hilda.

"Yaya! Zo ka ji! Baba ya yi magana!"

Ya faɗa ɗakin. Ana maimaita shirin nan mai dogon zango, na wata attajira da ta kori mijinta, ta kori uwarta, kowace fitowa da sabuwar mota. Baba na kallonta, leɓensa na rawa.

"Ni... na yi... kaina."

Hilda ta tafa. "Ka ji ko? Tsaf! Maganar Madam ɗin cikin shirin ce, kullum sai ta faɗa in za ta rufe wa mutum ƙofa."

Gidiyon bai tafa ba.

"Kin ji abin da ya ce kuwa?"

"Kai dai ba ka iya murna ba. Bawan Allah ya buɗe baki, ka tsaya kana tacewa kamar mai damun koko."

Ya miƙa hannu ya kashe talabijin. Baba ya yi gurnani, ya buga katifa da hannunsa mai lafiya. Gidiyon ya je taga, ya dawo, ya sake komawa. Likita bai yi alkawarin kalmomi da yawa za su dawo ba. In Allah ya ɗauki tsohon nan gobe, da wannan maganar zai tafi a baki?

Waya ta yi ƙara. Olu ne, ogansa.

"Kana ina? Mota ta cika, kai kaɗai ake jira!"

"Ina zuwa, oga."

Bai tafi ba. Ya durƙusa a gefen gado, ya kama hannun da ya shanye, mai sanyi.

"Baba, mu yi addu'a."

Ya fara Addu'ar Ubangiji da ƙarfi. A tsakiya ta ɓace masa. Ya lalubo, babu. Abin da ke yawo a kansa kiɗan buɗe shirin ne kawai. Lahadinsa ta daɗe da komawa gidan kallon ƙwallo.

"Fasto Gidiyon," in ji Hilda, "mai ya ƙare ne?"

Ba ta yi dariya ba dai. Ta ajiye kular abinci, ta durƙusa ita ma, ta ɗora daga inda ya tsaya. Suka ja ta tare har ƙarshe, suna tuntuɓe.

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya tattara ƙarfinsa, fuskarsa a sake, kamar mai kawo musu tsaraba.

"Ni na yi kaina."

Wayar ta sake ƙara. Gidiyon ya kifa ta a ƙasa, ya matso da bakinsa kusa da kunnen tsohon.

"A'a, Baba. Ce Yesu."

Idon Baba ya koma kan baƙin gilashin talabijin. Leɓe ya motsa, iska ce kawai ta fito.

"Sake," in ji Gidiyon. "Ina nan. Sake."