Nankarwar da Mirriya ta Gani

Ranar da Nafiou ya aiko da saƙon murya cewa an tsayar da ranar bikinsu bayan Sallar layya, Rahamatou ba ta yi murna yadda ya kamata ba. Ta ajiye tsintsiya, ta shige banɗakin gidan Larabawan da take yi wa aikatau a unguwar Mahdiya ta birnin Sabha, ta kulle ƙofa, ta ɗaga riga a gaban madubi. Nankarwar tana nan inda take, layi-layi daga ƙasan cibiya har kwankwaso, kamar an ja farce a jikin danƙo.

Shi Nafiou ba shi ne abin tsoronta na farko ba. Direba ne a hanyar Agadas zuwa Sabha, ɗan garinsu Mirriya, mutum mai kunya wanda ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Abin tsoron shi ne wankan lalle. A danginsu gwaggonni ne ke wanke amarya da hannunsu, daga ita sai ɗan zane, su murje ta da dilka tun daga wuya har tafin ƙafa. Babbarsu kuwa, Gwaggo Rabiatou, ungozoma ce. Kallo ɗaya take yi wa cikin mace ta faɗa maka ko nankarwar ƙiba ce ko ta haihuwa.

Ta Rahamatou ta haihuwa ce. Shekarun baya, masu motar da suka ɗauko su daga Agadas sun miƙa su ga wani gidan bashi a bayan gari, inda ake tsare baƙi. Da ta fito daga gidan nan, da ciki ta fito. Yaron ya zo ba rai. A duk duniya mutum ɗaya ce ta san wannan: Kadidja, 'yar Damagaram da ta girme ta, wadda ta tsince ta a bakin kasuwar Jadid tana haɗa zufa, ta kai ta ɗakinta na haya, ta karɓi haihuwar, ta yi mata wankan jego da ruwan da take dafawa a kan risho. Ita ta dafa Alƙur'ani, ba tare da an ce ta dafa ba, ta rantse maganar za ta bi ta kabari. Tun daga nan suke ɗaki ɗaya, kwano ɗaya.

Don haka da yamma, Kadidja ta fara kai wa damuwarta kafin kowa. Kadidja ta saurara tana tsinke zogale, sannan ta yi dariya, ta ce ashe ƙanwar tata har yanzu a ƙauye take zaune a cikin kanta. Madam Lubna, mai shagon gyaran jikin da Kadidja ke yi wa tafinta da shara, ta sauko da sabuwar na'ura daga Turabulus. Leza ake kiranta. Wuta ce siririya kamar allura, tana taɓa fata ta sa ta sake sabuwa daga ciki. Matan manyan gari har layi suke yi. Rahamatou ta ce ai wannan ba ta irinta ba ce. Kadidja ta ce ta bar mata wannan, Madam tana neman mace mai baƙar fata da za ta gwada saitin na'urar a kanta, kuma kyauta za a yi.

"Hoto kawai za ta ɗauka, don ta riƙa ganin bambanci," in ji Kadidja. "Ba fuska, ba suna. A wayarta zai zauna."

"Yaya, kin tabbata?"

"Ni da na wanke miki jini da hannuna kike tambaya?"

Rahamatou ta ji kunya ta rufe ta, har ta ba ta haƙuri.

Shagon yana hawa na biyu, a saman wani mai gyaran firji. Madam Lubna doguwar mace ce mai saurin magana, da farar riga a kan abaya. Ta shafa wa Rahamatou wani man kashe zafi, ta sa mata baƙin tabarau, ta ce ta riƙe rigarta sama. Ta bakin Kadidja ta yi bayani cewa nankarwa ba ta goguwa ƙarƙaf, raguwa take yi ta dishe, kuma sai an yi zama da yawa da tazarar makonni. Baƙar fata kuma tana da rigima, in wutar ta yi yawa sai ta bar tabo, saboda haka da kaɗan za a fara. Kada rana ta taɓa wurin, kada ta shafa man bilicin. Rahamatou ta ce ita ba ta taɓa shafawa ba. Madam ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce ai ta gani.

Zafin kamar ana harba mata roba ne a fata, ga wani ɗan ƙauri. Ta cije leɓe tana salati a zuci. Kadidja na tsaye a gefe da wayar Madam, tana ɗauka.

Cikin ya kumbura ya yi ja na 'yan kwanaki, ya yi ɓawo, ɓawon ya zube. Bayan zama na biyu layukan suka fara kwanciya. Bayan na uku, wata safiya Rahamatou ta shafa hannu ta ji fatar ta yi sumul a wuraren da a da take da kwari. Ranar ta sayo naman raƙumi ta yi wa Kadidja miyar da take so, ta kuma cire turmin atamfa ɗaya daga kayan da take tarawa ta ba ta. Kadidja ta karɓa tana tsokanarta da amaryar leza, ta ce Gwaggo Rabiatou ko da tocila ta zo sai dai ta ga santsi.

Saura kaɗan Sallah, har Nafiou ya kama mata wuri a motar abokinsa mai zuwa gida, saƙon Gwaggo Rabiatou ya shigo. Da hantsi ne, tana shanya kayan uwar ɗakinta a saman bene. Ba sallama a saƙon, ba tambayar gajiya. Bidiyo ne aka turo, sai murya a ƙarƙashinsa.

Ta fara buɗe bidiyon. Ciki ne na mace, an raba hoton biyu, na da da na yanzu. Ba fuska. A sama an yi rubutun Larabci da sunan shagon. Sai murya ta tashi da Hausa, tana gaida mata 'yan uwa, tana cewa ga abin da ido ya gani: wannan 'yar uwarmu ce daga ƙasar Damagaram, ta haihu a nan Sabha, ciki ya ɓata mata jiki, amma ku dubi ikon Allah. Duk mai so ta neme ni, ni zan kai ta, ba ruwanta da jin Larabci.

Muryar Kadidja ce. Har da 'yar dariyar da take yi a ƙarshen magana.

Rahamatou ta zauna a kan bokiti. Sai a lokacin idonta ya kai kan abin da ta daina gani don sabo: jarfa. 'Yan ɗige-ɗigen baƙi da wanzamin gidansu ke zana wa 'yan matan zuriyarsu kewaye da cibiya, da ƙafar kaza a gefen dama. Ba gidan da ke yin irinta a Mirriya sai nasu. Ga ta nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoton, wutar leza ba ta taɓa ta ba.

Saƙon Gwaggo gajere ne. Ta ce ita ta danne Rahamatou a cinyarta ranar da aka yi mata wannan jarfar, saboda haka kada ma ta fara yi mata ƙarya. Ta ce bidiyon ya zaga wayoyin matan unguwa tun shekaranjiya, matar wani direba ce ta turo shi daga zauren waya na matan Damagaram mazauna Sabha, kuma uwar Nafiou ta gani. Mahaifiyar Rahamatou ta kwanta, ko ruwa ba ta sha. A ƙarshe ta tambaya, ina ɗan?

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. Kayan shanya ta bari a kwando, ta ja mayafi, ta keta Mahdiya a ƙafa cikin rana tsaka. A matakalar shagon ta tarar da mata zaune suna jiran layi, baƙaƙe irinta, waɗansu ta san su a kasuwa. Ɗaya ta matsa mata wuri, ta ce ko ita ma ta ga bidiyon ne? Ai aikin ya yi kyau.

Kadidja na cikin ɗan ɗakin wanke tawul. Tana ganin fuskarta ta gane. Ta ja ta ciki ta tura ƙofa, ta fara magana tun ba a tambaye ta ba. Wai ba fuska a ciki. Wai ba ta ambaci suna ba. Wai Madam ce ta matsa, ta ce matan Hausa ba su yarda da hoton farar fata, sai sun ga tasu, kuma sai an ce musu haihuwa ce, don masu haihuwa su ne masu zuwa. Wai Madam ta yi mata alkawarin takardar iƙama, ta izinin zama a ƙasar, in ta cika mata shago, kuma Rahamatou ta san sau nawa 'yan sanda suka kwashe ta a hanya. Ita ina ta san wata jarfa? Su a birnin Damagaram an daɗe da daina wannan.

"Ke kika yi mini wanka kullum har na yi arba'in," Rahamatou ta ce. "Har tambayata kika yi me ƙafar kazar take nufi."

Kadidja ta sunkuya tana matse tawul ɗin da ya riga ya bushe. Can ta ce za ta sa a goge. Rahamatou ta tambaye ta a wayar wa za a fara gogewa, ta Gwaggo ko ta uwar Nafiou.

Madam Lubna ta leƙo don jin hayaniya. Da aka yi mata bayani sama-sama, ta ɗaga kafaɗa, ta ce ita Kadidja ta gaya mata yarinyar ta amince, kuma in da matsala za ta cire daga shafinta. Ta ƙara da cewa saura zama biyu, kada ta bari aikin ya lalace.

A bakin shagon mai firji Rahamatou ta tsaya ta kira Nafiou. Yana zangon Gatrun a kan hanya, ta ji ƙarar injin da iska a bayansa. Ta ce yana da hakkin ya ji daga bakinta, ta fara ba shi labarin gidan bashin. Ba ta yi nisa ba ya dakatar da ita.

"Rahama, na sani."

Ta tambaye shi ko bidiyon yake nufi. Ya ce a'a, tun bara. Ranar da ya zo ɗakinsu da tsarabar kilishi bai same ta ba, Kadidja ta zaunar da shi ta faɗa masa komai, wai don kada ya ji a bakin duniya. Ya yi tafiyar Agadas guda yana juya maganar a sahara, ya ga ba laifinta ba ne, ya yanke zai aure ta ya rufa mata asiri. Har ya shirya zai ce shi ba ya son wankan gwaggonni, a yi mata gyaran jiki a nan Sabha a kai ta a shirye, kamar yadda 'yan birni ke yi. Bai faɗa mata ba don kada ta riƙa jin nauyinsa.

Rahamatou ta dafa bango. Ta tambaye shi ko Kadidja ta san da wannan shirin. Ya ce ai da ita aka yi shawarar.

Ta jira ya ci gaba.  Sannan ya ce abin da ke rufe zai iya ɗauka har ya mutu, amma yanzu Mirriya ta gani, tsohuwarsa ta ce in ya kawo Rahamatou gidan sai dai ya zaɓa tsakaninsu. An riga an aika a karɓo kayan sa rana da safen nan. Ya ce ta yafe masa. Sai ya ce ana kiransa, motoci za su tashi.

Ta koma sama. Matan matakala suka bi ta da kallo. Kadidja na riƙe da tabarau tana shirin sa wa wata.

"Kin san ya sani," Rahamatou ta ce. "Kin san ba wankan da za a yi. Kika bar ni na kwanta a gadon nan."

Kadidja ta kalli Madam, ta kalli matar da ke kwance, ta rage murya ta ce don Allah ta bari su koma ɗaki su yi magana, nan wurin aiki ne.

Rahamatou ba ta jira ta a ɗaki ba. Kafin la'asar ta ɗaure kayanta a buhu biyu, ta bar makulli a wurin maƙwabciya. A mahaɗar Jadid, inda 'yan aikin yini ke taruwa, ta tarar da wata akori-kura tana ɗibar mata zuwa gonakin Samnu, tsinkar tumatir. Direban ya ce can ba a dawowa sai ƙarshen kaka, kuma waya ba ta cika kamawa ba. Ta ce ta ji. Ta miƙa buhunan aka ɗora, ta taka taya ta hau.