Ɗigo Arba'in da Bakwai

Shekara biyu da komawar sojoji bariki, kowa a Kakuri yana da abin da yake jiran gwamnati ta yi masa. Philomena kuwa abu ɗaya take jira, ta miƙa kundin digirinta na biyu kafin ƙarfe huɗu na ranar nan. In ta makara, sai baɗi.

Aikin nata ba mai saurin shiga kai ba ne. A tsakiyar taron taurarinmu akwai wani ƙaton baƙin rami mai haɗiye komai, kuma masana na zargin wani ɓoyayyen abu da ido ba ya gani ya taru kewaye da shi. In haka ne, zai riƙa fitar da wani haske mai ƙarfi da ake kira gama. Shekara uku ta yi tana tace bayanan tauraron ɗan'adam, ta samu ɗigo arba'in da bakwai a kan taswira, kowane ɗigo haske ɗaya. Malaminta ya buga mata taswirar kwafi ɗaya tak, ya yi tafiya.

Da safe ta kai kundin shagon Benson mai fotokofi, ta je neman bangon da za a sa masa. Shi Benson mutum ne mai alfahari da tsabtar aiki. Injinsa ya tsufa, yana yayyafa baƙin gari a takarda, don haka ya saba bin kowane shafi da farin ruwan gogewa kafin ya kwafa.

Da ta dawo ya miƙo mata kwafi biyar yana washe baki.

"Anti, shafi na talatin ɗin nan datti ne zalla, amma na yi miki maganinsa."

Ta buɗe shafin taswirar. Fari fat! Layukan gefe kawai suka rage. Ta fizgo taswirar asalin, ita ma duk an shafe ta.

"Oga Benson, wa ya aike ka? Dattin nan shi ne digirin nawa!"

"To ni ina zan sani? Ɗigo ne fa kawai." Ya zaro biro daga bayan kunne. "Kawo in mayar miki, minti biyu. Wa zai ƙirga?"

Abin da ya fi ƙona mata rai, gaskiyarsa ne, ba wanda zai ƙirga. Ta dubi biron, ta dubi agogon bango, biyu saura kwata, ga tafiyar awa guda zuwa jami'a a gabanta. Hannunta har ya ɗaga zai karɓi biron, sai ta mayar da shi.

"Ba ni reza."

Ta zauna a benci ta fara kankare farin a hankali, kada takardar ta huje. Kowane ɗigo da ta tono ya leƙo a inda yake tun asali.

Ƙarfe huɗu ta same ta a kan ɗigo na talatin da ɗaya. Ta hure garin, ta ci gaba.